Ƙasimu Kumsari da Bakan Bagaruwa

Duk wanda ya shiga mota a tashar kasuwar Suk al-Shabi ta Khartum a shekarun nan na mulkin soja ya san muryar Ƙasimu, ko da bai san fuskarsa ba. Kumsari ne, mai kiran fasinja, ya fi shekara ashirin yana yi. In ya rataya a ƙofar bas ya ce "Umdurman, Umbadda," har masu tumatir na ƙarshen kasuwa sai sun waiwaya. A Jazira aka haife shi, cikin gonakin auduga, kuma babban naman dajin da ya taɓa gani da idonsa shi ne wani tsohon biri a gidan namun daji na Khartum. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse zakuna sun san sunansa.

Matarsa Fatna tana sayar da shayi da godogodo a ƙofar gidansu a Umbadda, ƙarƙashin wata rakuba, rumfar kara mai dirka huɗu. Ranar Juma'a ɗaliban Najeriya da Nijar kan tsallako kogi su zo wurinta, don godogodon yana tuna musu da furar gida. A cikinsu akwai Abdulganiyu, ɗan Kontagora, mai karatun shari'a, mutum mai saurin yarda da abin da babba ya faɗa.

Wata Juma'a Abdulganiyu ya zauna ya yi tagumi, kofinsa na hucewa. Ƙasimu ya tambaye shi lafiya.

"Baba Ƙasimu, ranar al'adu ce ta taso a jami'armu, saura kwana takwas. Kowace ƙasa za ta nuna kayanta. 'Yan Chadi sun samo takubba, 'yan Eritiriya za su gasa gahawa a gaban baƙi. Mu kuwa abin da muka tara hula biyu ce da mafici da taswirar Najeriya. Kuma ni aka ɗora wa shugabanci."

Ƙasimu ya aje kofinsa a hankali. "Kuna da kwari da baka?"

"Ina za mu samu a Khartum?"

"Kana zaune gaban jikan Sarkin Baka kana wannan tambaya. Kakana da bakansa ya taso daga ƙasar Katsina, da shi ya ci abinci har ya iso garin Madani a Jazira. Ni a hannunsa na tashi. Zan sassaƙa maka baka, in zo da kaina in harba a gaban baƙinku. Ku aje kankana a taku arba'in."

Fatna tana wanke kofuna, ba ta ɗago ba ta ce wa mijinta, "Abu Husna, ƙusar da za ka buga mini ta rataye matankaɗi fa? Tun azumi."

"Ƙusa aikin kafinta ce. Muna maganar gado."

Abdulganiyu ya tafi yana murna, kafin magariba ya sa an rubuta a jerin shirye-shirye cewa Najeriya za ta kawo maharbi na asali.

Washegari Ƙasimu ya zaga unguwa neman sanda. Umbadda ba daji ba ce. Abin da ya samu shi ne ƙotar tsintsiya da guntun bututun ruwa. Yana dawowa da azahar, Fatna ta shiga salla, idonsa ya faɗa kan dirkar rakuba ta kusurwar gabas. Bagaruwa ce, doguwa, ta bushe sarai, har da ɗan lanƙwasa kamar da ma baka take so ta zama. Ya lissafa a ransa cewa abin da huɗu suka riƙe, uku ma za su riƙe in sun daure. Ya girgiza ta, ya zare.

Rakubar ta daure har zuwa la'asar. Sai da mutum shida suka zauna, ciki har da limamin unguwa, sannan ta sunkuyo a hankali ta kwanta a kansu. Ba wanda ya ji rauni, sai dai liman ya fito da rarrafe, kara a rawaninsa, sukari a gemunsa. Fatna ta ƙirga dirkoki, ta shiga gida, ta tarar da ta huɗun a cinyar mijinta yana shafa ta.

"Abu Husna, wannan mece ce?"

"Baka ne."

"Da safe dirkata ce."

"Da safe ba ta san kanta ba."

Maƙwabcinsu Balarabe kafinta ne, mai haɗa kujeru da gadajen igiya da ake kira angarib. Wurinsa Ƙasimu ya je aron gizago. Balarabe ya karɓi sandar, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kara a kunne.

"Ya zol, mutumina, ka ga wannan ƙullin na tsakiya? Nan reshe ya taɓa fita. In ka tanƙwara ta, nan za ta karye. Kuma ji yadda take amsawa kamar ganga. Gara ta cinye cikinta."

"Wannan ƙullin shi muke kira cibiyar baka. Nan ƙarfin yake taruwa."

"Ku wa?"

"Mu maharba."

"Garar fa?"

"Ta rage masa nauyi. A da, da gangan ake sa ta."

Balarabe ya miƙa masa gizagon ya ce, "Alfarma ɗaya nake nema. Ranar da za ka ja shi, ka gaya mini in rufe shago in zo."

Kwana uku Ƙasimu bai je tasha ba. Ya zauna a tsakar gida yana sassaƙa. Ya rage gefen sama ya zarce, sai ya rage na ƙasa don su daidaita, shi ma ya zarce, ya koma na sama. Da ya tashi, sandar ta zama siririya a kai, siririya a gindi, da ƙaton ƙulli a tsakiya kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai. Babban yatsansa na hagu yana naɗe da tsumma, na kusa da shi ma haka.

Sai batun lanƙwasawa. Ya ce da zafi ake yi. Ya jira Fatna ta gama toya kisra, wainar dawa ta Sudan, ya shafa wa sandar man riɗi, ya ɗora a kan faifan ƙarfen da ke kan wuta, ya danne gefe guda da dutsen niƙa, ya fita gaya wa masu wucewa abin da ake ciki. Labarin ya yi daɗi. Sai da Balarabe ya leƙo ta katanga ya ce, "Cibiyar bakanka na ci da wuta," sannan ya ruga. Ya kashe da abin da ya fara samu, wato ƙullun kisrar gobe.

Ƙullin ya ƙone, ya tsage, kana iya zura ɗan yatsa. Ƙasimu ya cusa ƙullun da ya bushe a ciki, ya naɗe wurin da baƙin salatif na masu gyaran lantarki, ya bi da jan zare a kai.

"Ado ne," in ji shi. "Kowane gidan maharba da alamarsa."

Saura tsarkiya. A gidan akwai Gogo, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, mai kaifin ido da kaifin harshe. Gadonta angarib ne na da, wanda aka saƙa da igiyar fatar shanu, da shi ta zo daga Jazira. Ƙasimu ya jira ta tafi gaisuwar rashin lafiya, ya kwance igiya ɗaya daga tsakiya, ya gyara shimfiɗa ya lulluɓe.

Gogo ta dawo a gajiye, ta yi bismilla, ta zauna. Gadon ya karɓe ta gaba ɗaya, sai ƙafafu da kai a waje. Ba ta yi ihu ba. Daga cikin ramin ta kira shi da sunansa, sau ɗaya.

Da ya zo ya tsamo ta, ta dubi abin da ke hannunsa, da igiyar gadonta a ɗaure a jikinsa.

"Me za ka yi da wannan?"

"Gogo, sana'ar kaka nake rayawa. Baka ne."

"To ina audugar?"

"Wace auduga?"

"Bakan babana na shiɓa ne, Ƙasimu. Auduga yake kaɗawa, yana cusa wa mutanen Madani katifa da matashi. Abin da ya taɓa kashewa da shi kuɗin cizo ne, shi ma in ya tsaya."

Ƙasimu ya waiga ya ga ko wani ya ji. Fatna na bakin ƙofa, Balarabe na kan katanga.

"Gogo tsufa ya fara taɓa ta," ya ce da su. "Baka biyu gare shi. Na harbin ba ya nuna wa mata."

Kibiya ba ta ba shi wuya ba. Ya zare kara uku daga rakubar da ta faɗi, ya soka wa kowanne ƙusa a kai, ya zuba su a bututun ruwan nan ya ce kwari ne. Abdulganiyu ya zo ranar Alhamis, ya ga kayan, jikinsa ya ɗan yi sanyi.

"Baba, ko za a gwada ko sau ɗaya?"

"Baka irin wannan ba a jan sa a gida. Jan farko shi ne mai ƙarfi, ba a ɓata shi a kan bango."

Ranar Asabar da hantsi suka ɗunguma. Fatna da tukunyar godogodo, don Abdulganiyu ya roƙe ta ta zo rumfar Najeriya. Balarabe ya rufe shago kamar yadda ya ce. Gogo ta ce ita igiyarta take bi, duk inda za ta. Ƙasimu ya sa 'yar shara da ya yanka daga buhun sukari, ya ɗaɗɗaura mata layu na kwali, ya rufa da jallabiya a kai kafin a isa.

Bakan ya ƙi shiga bas a tsaye, ya ƙi shiga a kwance. Aka zura shi ta taga, rabi a ciki, rabi a waje, ya ratsa gaban hancin mutum uku. A bakin gadar da ke ƙetarawa Khartum akwai shingen sojoji. Wani soja ya hango abin da ya fito ta taga, ya ɗaga hannu. Direba ya tsaya. Abdulganiyu ya fara karanta duk addu'ar da ya haddace.

Sojan ya zagayo, ya taɓa tsarkiyar, ta ce tum. Ya leƙo.

"Na wane ne?"

"Nawa ne," in ji Ƙasimu.

"Kai mai gyaran katifa ne? Allah ya kawo ka. Tawa ta dunƙule kamar buhun dankali. Kana zuwa bariki?"

Gogo ta yi wani ɗan tari. Ƙasimu ya miƙe har kansa ya bugi rufin mota.

"Ranka ya daɗe, wannan ba na katifa ba ne. Wannan maka..."

Abdulganiyu ya taka masa ƙafa da dukan nauyinsa. Fatna ta ce da sauri, "Makaranta za mu kai shi, ranka ya daɗe. Katifun ɗalibai." Sojan ya buga jikin motar, aka wuce. Har suka sauka Ƙasimu bai yi wa kowa magana ba, sai cewa yake ƙasar da soja bai san makami ba, Allah ya kyauta.

Filin jami'ar ya cika. Rumfuna a jere, tutoci, ƙamshin gahawa da turare. A gaba an kafa wata babbar rumfa ta manyan baƙi, a tsakiyarsu wani birgediya mai gashin baki, da hularsa ta soja mai ado, da masu gadi huɗu a bayansa. 'Yan Chadi suka yi wasan takobi, aka tafa. Sai mai sanarwa ya ce ga Najeriya da maharbinta, jikan Sarkin Baka.

Ƙasimu ya tuɓe jallabiya, ya fito da buhun sukarinsa. An aje kankana a kan kujera. Ya ƙirga taku arba'in, ya juyo, ya ga kankanar ta koma kamar lemun tsami, sai ya dawo taku ashirin ya ce rana ce ke kashe masa ido. Aka miƙa masa lasifika ya ture, don shi bai taɓa bukatar ta ba. Ya yi wa kansa kirari da muryar tasha, ya ce shi ne ɗan mai baka jikan mai baka, wanda in ya yi tari barewa ke kwana a tsaye. Ɗaliban Najeriya suka ɗauki sowa. Abdulganiyu har da ƙwalla.

Ya zaro kibiya, ƙusar ta zauna a cikin bututu. Ya zaro ta biyu. Ya ɗana, ya ware ƙafafu, ya ja.

Bakan bai motsa ba. Ya ƙara ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Aka ji wani ɗan kuka, ƙiii, kamar ƙofar da ba a shafa wa mai ba. Balarabe ya kama hannun Gogo ya ja ta bayan wata bishiya. Ƙasimu ya cije leɓe, ya ba shi ƙarfin shekara ashirin na rataya a ƙofar bas.

Ƙarar ta yi kamar ta bindiga. Bakan ya rabe daidai jan zaren. Rabin ƙasa ya dawo ya same shi a tsakiyar goshi, ya zauna daɓas. Garin itace da busasshen ƙullu da gara mai rai suka zubo masa a ka. Kibiyar ta faɗi a kan babban yatsan ƙafarsa. Rabin sama kuwa ya tashi yana juyi a iska, ya bar kankana a inda take, ya nufi rumfar manyan baƙi, ya ɗauke hular birgediya cak, ya aje ta a cikin farantin dabino.

Shugabannin jami'a suka shige ƙarƙashin teburi. Masu gadi huɗu suka taso a guje, uku suka hau kan Ƙasimu, na huɗun ya rasa wurin hawa ya kama kankanar. Birgediya ya shafa sanƙonsa, ya dubi jama'a, jama'a kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mutum ɗaya ce ta motsa, Gogo, wadda ta tako da sandarta har tsakiyar fili, ta kwance igiyarta daga guntun itacen, ta naɗe ta a hannu.

Aka kai Ƙasimu da 'yan rakiyarsa wani ɗan ofis a bayan filin. Wani laftana matashi ya zauna a bayan tebur, guntayen bakan biyu a gabansa, gara na yawo a kan takardunsa. Ƙasimu na tsaye, goshinsa ya yi tsiro kamar ƙwan agwagwa. Abdulganiyu na gefe yana tunanin takardar zamansa da shekara huɗun da ya yi yana karatu.

Laftanan ya ce, "Maganar gajera ce. An sanar a lasifika cewa kai gwanin harbi ne. In gwani ne kai, to ka sami abin da ka nufa, wato kan birgediya. Wannan ba ni zan yi maganarsa ba, mota za ta zo ta ɗauke ka, da wanda ya gayyato ka, kuma ban san ranar dawowa ba. In kuwa ba ka iya komai ba, haɗari ne, ka sa hannu ka tafi gida. Wanne ne?"

Ƙasimu ya dubi silin.

"Ranka ya daɗe, babu ta tsakiya? A ce gwani ne, amma iska ta..."

"Babu iska yau."

"To a ce gwani ne da aka ba shi mugun itace."

"Wa ya ba ka?"

Fatna ta matso. "Ranka ya daɗe, ba wanda ya ba shi, sata ya yi daga rumfata. Shekara goma sha tara ina aure da shi. Wallahi in ya nufi bakinsa da loma, sai na duba kunnensa."

Balarabe ya ce, "Ni kafinta ne, na yarda in dafa Alƙur'ani. Da hular birgediya mutumin nan ya nufa, to da kankanar ce ta mutu."

Laftanan ya juya ga Gogo. "Hajiya, ke fa?"

"Ni na yi masa wankan farko," in ji ta. "Tun yana jariri nono ma sai an saita masa."

Laftanan ya rufe bakinsa da hannu, ya yi kamar yana gyara gashin baki. Ya ce, "Shaida ta yi. Amma daga bakinsa nake so in ji."

Ƙasimu ya dubi Fatna, ya ga idonta ya cika da ruwa duk da maganar da ta yaɓa masa. Ya dubi Abdulganiyu, wanda leɓensa ya bushe fari fat.

"Ban iya ba," ya ce, can ƙasa.

"Ban ji ba. An ce kai kumsari ne."

Ƙasimu ya ja numfashi, ya faɗe ta da muryar da yake kiran Umbadda. Tagar ofishin a buɗe take, kuma rabin jami'a na tsaye a bayanta. Dariyar da ta tashi sai da ta kori tantabarun da ke kan rufi.

Laftanan ya rubuta takarda da Larabci, layi biyar. Ta ce mai suna a sama ya amsa da bakinsa cewa bai san komai game da harbi ko sassaƙa ba, kuma ya yi alkawarin ba zai sake ƙera makami ba, ko wani abin da ya yi kama da shi. Ƙasimu ya dangwala yatsa, aka buga hatimi. Sun juya za su fita ke nan sai ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, ba za a ba ni kwafi ba?"

"Me za ka yi da shi?"

"Don kada in manta."

Aka ba shi.

Ranar Litinin da safe ya koma Suk al-Shabi, goshi a naɗe da bandeji. Labari ya riga shi isa, direbobi da kumsarori sun taru a wurin mai shayi suna jiran sa, kowa da dariyarsa a shirye. Ƙasimu ya zauna, ya sa aka kawo masa shayi da madara, ya kurɓa. Sannan ya zaro takardar daga aljihu. Ya ninke ta ninki huɗu, yadda ba abin da ake gani sai layin ƙarshe da shuɗin hatimi.

"Karanta musu, Usta," ya ce da wani direba, don haka ake kiran direbobi a nan.

Direban ya karanta: "Ba zai sake ƙera makami ba."

"To kun ji. Duk faɗin Sudan, ku nuna mini kumsari ɗaya da gwamnati ta roƙa a rubuce ya aje makami. Harbi ɗaya na yi."

Direban ya kai hannu zai warware ninkin. "Bari mu ga na saman."

Ƙasimu ya fizge, ya mayar aljihu, ya danne da tafin hannu.

"Na saman sirrin gwamnati ne," ya ce. "Kana da iyali, Usta. Ka bar shi."